Haske: Igiya ko Ƙwaya? Tambayoyi da Amsoshi Kan Gardamar Shekara 300

Duk mai sauraron rediyo ya saba jin ana cewa "gajeren zango, mita 19" ko "mita 25". Wannan mitar da ake kira tsawon igiya ɗaya ce daga cikin igiyoyin da ke ɗauko murya daga tasha zuwa akwati. Hasken da muke gani da ido ɗan gidansu ne, zangonsa ne kawai ya fi nasu gajarta nesa ba kusa ba. Amma kyamarar wayarka, idan ta zo karɓar wannan hasken, ƙwaya-ƙwaya take tsintarsa kamar mai tsintar tsaba. Maganganun nan biyu duk gaskiya ne, kuma sai da masana suka shafe kusan shekara 300 suna jayayya kafin su haƙura da hakan. Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin shi ne, sau da yawa wanda ya tashi rushe wata magana shi ke ƙarewa da kafa ta.

Me ake nufi da igiya, me ake nufi da ƙwaya?

Jefa tsakuwa cikin tafki. Tsakuwar ƙwaya ce: tana da wuri ɗaya a kowane lokaci, ta bi hanya ɗaya, ta faɗa wuri ɗaya. Zoben da ke buɗewa a kan ruwa kuwa igiya ce. Ba ruwan ne ke tafiya ba, motsin ne ke tafiya. Ganyen da ke kan ruwan zai hau ya sauka ya zauna inda yake, zoben ya wuce abinsa.

Ga inda suka raba gari. Tsakuwa biyu idan suka faɗa wuri ɗaya, sun zama biyu, ba yadda za a yi su zama babu. Igiya biyu kuwa suna iya ƙara wa juna ƙarfi idan tudu ya hau kan tudu, suna kuma iya kashe juna idan tudun ɗaya ya faɗa cikin kwarin ɗayar, ruwa ya kwanta lumui kamar ba a taɓa shi ba. Saboda haka tambayar da ta rataya a kan haske ita ce: za a iya ƙara haske a kan haske a samu duhu? In ana iyawa, igiya ce.

Wa ya fara gwada haske da gaske?

Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya yi yawancin aikinsa a Alƙahira. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa ba ido ne ke fitar da haske ya laluba abubuwa ba, kamar yadda wasu magabata suka ɗauka. Haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Ya yi aiki da ɗaki mai duhu da ƙaramar ƙofa da fitilu, ya nuna haske miƙe yake tafiya, kuma hasken fitilu da yawa na ratsa ƙofa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba.

Bayan ƙarni shida, wani limamin Kirista a Bologna ta Italiya, Francesco Grimaldi, ya lura cewa gefen inuwa ba ya yankewa tsaf kamar da wuƙa. Akwai siraran ratsi masu launi a bakinta, kuma haske na ɗan leƙawa inda bai kamata ya kai ba. An buga aikinsa a 1665, shekara biyu bayan mutuwarsa.

Me ya raba Newton da Huygens?

Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya wallafa ra'ayinsa a 1690: haske motsi ne da ke yaɗuwa, kowane ɗigo a goshin igiyar yana haifar da tasa ƙaramar igiya, haɗuwarsu ce ke zama sabon goshi. Da wannan ya bayyana yadda haske ke dawowa daga madubi da yadda yake karyewa idan ya shiga ruwa ko gilashi.

Isaac Newton, wanda ya riga ya nuna da gilashi mai kusurwa uku cewa farin haske taron launukan bakan gizo ne, ya karkata ga ƙwaya. Hujjarsa ba ta wasa ba ce. Kana jin muryar mutum daga bayan katanga, domin sauti igiya ce, tana zagaye kwana. Amma ba ka ganinsa. In haske igiya ne, me ya hana shi zagayawa? Amsar, wadda babu mai ita a lokacin, ita ce yana zagayawa, sai dai zangonsa ƙarami ne ainun, don haka zagayen ba ya wuce ɗan abin da Grimaldi ya gani.

A yi wa Newton adalci: shi da kansa ya auna zobban haske da duhu da ke fitowa idan aka ɗora gilashi mai ɗan kumburi a kan shimfiɗaɗɗe, ya kuma gane akwai wani abu mai maimaituwa a cikin haske. Almajiransa ne suka fi shi tauri. Bayan fitowar littafinsa kan haske a 1704, girman sunansa ya danne maganar igiya kusan shekara 100, musamman a Ingila, duk da cewa irin su Leonhard Euler ba su taɓa sakin ta ba.

Me Thomas Young ya yi da har yau ake maganarsa?

Young likita ne a Landan, mutum mai hannu a komai, har da ƙoƙarin warware rubutun tsohuwar Masar. Daga nazarin ido da kunne ya gangaro kan haske. A watan Nuwamba na 1803 ya bayyana wa ƙungiyar masana ta Royal Society wani gwaji da ya ce kowa na iya maimaitawa in dai akwai rana.

Ya huda murfin taga, ya rufe hudar da takarda mai kauri, ya soke ta da allura. Siririn hasken rana ya shigo ɗaki. Sai ya sa tsinken kati a tsakiyar hasken, faɗinsa bai cika milimita ɗaya ba, ya raba shi biyu. Hankali zai ce a bango za a ga inuwar katin, baƙa ƙirin, shi ke nan. Abin da ya fito daban ne: ratsi-ratsin haske da duhu a jere a cikin inuwar, tsakiyarta kuma fari. Daga nan ya yi abin da ya kashe bakin gardama. Ya tare hasken da ke wucewa ta gefe ɗaya na katin, ya bar ɗayan. Ratsin suka ɓace. Wato layukan duhun nan ba rashin haske ba ne ya haife su, haɗuwar haske biyu ce.

Siffar da aka fi sani yanzu, ta tsaga biyu a jikin allo, ta fito a laccocinsa da aka buga a 1807. Ya kuma yi amfani da alƙaluman Newton na zobban nan ya ƙididdige zangon launuka, kuma bai yi nisa da abin da aka sani yau ba: a cikin milimita ɗaya akwai igiyar jan haske wajen 1,400, ta shunayya wajen 2,500.

Yabo fa? Bai samu ba. Henry Brougham, wanda daga baya ya zama babban jigo a shari'ar Birtaniya, ya yi masa kaca-kaca a mujallar Edinburgh Review, ya maishe shi kamar mai raina Newton. Maganar ta yi sanyi a Ingila.

To yaya aka yi maganar igiya ta yi galaba?

A Faransa aka yi ta, kuma ta hannun injiniyan hanyoyi da gadoji, Augustin Fresnel, wanda da farko bai ma san aikin Young ba. Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta sa gasa kan lanƙwasuwar haske a gefen abubuwa. Fresnel ya miƙa takardarsa a 1818, cike da lissafin da Young bai kai ga yi ba. Alƙalan su biyar ne: Laplace, Biot, Poisson, Gay-Lussac da Arago. Ukun farko mutanen ƙwaya ne.

Siméon Poisson, gwanin lissafi, ya ɗauki lissafin Fresnel ya bi shi har ƙarshe, ya fito da abin da yake gani ya isa ya binne maganar. Ya ce idan wannan lissafi gaskiya ne, to a haska ƙaramin faifai mai zagaye, dole a ga ɗigon haske a tsakiyar inuwarsa, daidai inda ya kamata duhu ya fi kauri. Wane mai hankali zai yarda da haka?

François Arago bai tsaya musu ba. Ya samo ɗan faifan ƙarfe mai faɗin milimita 2, ya manna a gilashi, ya haska. Ga ɗigon nan a tsakiya, yana ƙyalli. Dalilin mai sauƙi ne bayan an gani: tsakiyar inuwa nisanta ɗaya da kowane gefen faifan, don haka igiyoyin da suka lanƙwaso daga ko'ina suna isowa tare, tudu kan tudu. Fresnel ya ci gasar a 1819. Abin dariyar shi ne har yau mutane da yawa ɗigon Poisson suke kiransa, sunan wanda ya rantse ba za a gan shi ba. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Fresnel bai daɗe ba. Tarin fuka ya kashe shi a 1827 yana ɗan shekara 39.

Akwai gwajin da aka ɗauka shi ne hukuncin ƙarshe?

Akwai. Ra'ayoyin biyu sun yi hannun riga a kan abu ɗaya da za a iya aunawa. Lissafin Newton ya ce ruwa na jawo ƙwayar haske, don haka gudunta ƙaruwa yake a cikin ruwa. Lissafin igiya ya ce raguwa yake. Arago ya ba da shawarar a auna tun 1838, amma kafin kayan aiki su kai, idanunsa sun raunana. A 1849 Hippolyte Fizeau ya auna gudun haske a iska da wata ƙafar ƙarfe mai haƙora 720 da madubi a nisan fiye da kilomita 8. A 1850 Léon Foucault ya yi amfani da madubi mai juyawa ya tura haske ta cikin bututun ruwa. A ruwa gudunsa ya ragu. Yau mun san yana yin kusan kilomita 225,000 a sakan cikin ruwa, maimakon kusan 300,000 a sarari. Aka ɗauka an yi jana'izar ƙwaya.

In igiya ce, igiyar mene ne? Me ke kaɗawa?

Nan fa ake yin ta. Igiyar ruwa tana da ruwa, sauti yana da iska, hasken rana kuwa yana ratso sararin da babu komai. Sai masana suka ƙaddara wani abu da ba a gani, suka kira shi "eta", suka ce ya cika duniya da sammai.

James Clerk Maxwell ɗan Sikotilan ya kawo rabin amsar a shekarun 1860. Yana lissafin alaƙar lantarki da maganaɗisu sai ya ga dole su haifar da igiya, da ya ƙididdige gudunta kuma ya samu wajen kilomita 310,000 a sakan, dab da abin da Fizeau ya auna. Ya ce haske ke nan. Ya mutu a 1879 bai ga tabbacin ba. Heinrich Hertz ne a Karlsruhe ta Jamus, tsakanin 1887 da 1888, ya haifar da irin waɗannan igiyoyi da tartsatsin lantarki, ya kama su a ɗaya gefen ɗaki da zoben waya mai 'yar tsaga. Kakannin gajeren zango ke nan.

Etan kuwa ya ƙi bayyana. A 1887 Albert Michelson da Edward Morley, a Cleveland ta Amurka, suka ɗora madubai a kan ƙaton dutse da ke yawo a kan zaiba, suka raba haske gida biyu, suka sake haɗa shi, suna neman alamar duniya tana keta eta da gudun kilomita 30 a sakan. Ba su ga abin da suke nema ba. Michelson ya ji kamar ya gaza. Irin na'urarsa ce, da aka miƙe hannayenta zuwa kilomita 4, ta kama girgizar sararin samaniya daga karon baƙaƙen ramuka biyu (wurare a samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga jansu) a 2015.

Ta ina ƙwaya ta sake dawowa bayan an binne ta?

Ta ɗakin gwajin Hertz, mutumin da ya tabbatar da igiya. Ya lura tartsatsinsa ya fi saurin tashi idan wani haske da ke gaba da shunayya, wanda ido ba ya gani, ya sauka a kan ƙarfen. Ya rubuta, ya wuce. Daga baya aka gane haske ne ke fizge elektron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, daga jikin ƙarfe.

A 1902 Philipp Lenard ya auna abin da kyau, ya samu abin da bai dace da igiya ba ko kaɗan. Idan igiya ce, ƙara ƙarfin fitila ya kamata ya sa elektron su fita da gudu mai tsanani. Ba haka ya faru ba: yawansu ne ke ƙaruwa, gudun kowanne yana nan yadda yake. Launi ne ke da ta cewa. Ka haska tutiya da jan haske mai makantar da ido, ko ɗaya ba zai fita ba. Ka kawo ɗan hasken nan na gaba da shunayya, komai rauninsa, nan take su fara fita.

Max Planck a Disamba 1900 ya riga ya ga dole ya ɗauka cewa abu mai zafi yana musayar kuzari ne gutsure-gutsure, amma shi a ganinsa dabarar lissafi ce kawai. Albert Einstein, ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern, shi ya ɗauki maganar da gaske a 1905. Ya ce hasken kansa ƙunshi-ƙunshi yake zuwa, kuma nauyin bugun kowane ƙunshi ya dogara ne ga yawan kaɗawar igiyar a sakan. Elektron ɗaya, ƙunshi ɗaya. Ƙusa ba ta shiga katako don an taɓa ta da tsinke sau dubu. Guduma take so, ko da sau ɗaya.

Masana sun yarda da Einstein?

Kusan babu wanda ya yarda, har tsawon shekara goma sha. A 1913, lokacin da Planck da abokansa ke rubuta takardar neman a karɓi Einstein a Majalisar Masana ta Berlin, sai da suka nema masa uzuri, suka ce kada a riƙe shi da laifin wuce gona da iri a kan wannan batu na ƙunshin haske.

Robert Millikan a Shikago ya shafe shekara kusan goma yana gwaji da niyyar nuna kuskuren. Ya ƙera wata 'yar wuƙa da ke kankare fuskar ƙarfe a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, don kada tsatsa ta ɓata awo. Sakamakon da ya buga a 1916 ya hau kan lissafin Einstein daram. Duk da haka ya ce lissafin daidai ne, amma bayanin da ke bayansa ba abin karɓa ba ne. Taurin kai irin wannan ina ganinsa da daraja, tunda bai taɓa alƙaluman ba.

Arthur Compton ne ya karya lagon masu musu a 1923, a St. Louis. Ya harba hasken hoton ƙashi kan girafait, baƙin abin da ke cikin fensir, ya ga hasken da ya fallatsa zangonsa ya ƙaru, gwargwadon kusurwar da ya juya. Lissafin ya fita kamar na ƙwallo biyu da suka yi karo, ɗaya ta ba ɗayar wani abu daga gudunta. Niels Bohr ya yi yunƙurin ƙarshe a 1924 na kauce wa ƙwaya. Gwajin Walther Bothe da Hans Geiger a 1925 ya rufe wannan ƙofar. Sunan "foton" da ake kiran ƙwayar haske da shi ya bazu ne daga masanin sinadarai Gilbert Lewis a 1926. Lambar Nobel ta 1921 da aka ba Einstein, wannan aikin aka ambata a kanta, ba aikinsa kan dangantakar lokaci da sarari da ya fi yin suna da shi ba.

Me zai faru idan aka tura foton ɗaya-ɗaya ta tsaga biyu?

Wani matashi a Kambirij, Geoffrey Taylor, ya gwada makamancin haka tun 1909. Ya sa allura a gaban harshen wutar gas, ya yi ta jera gilasan da aka shafa wa hayaƙi har hasken ya kusa ƙarewa, ya bar farantin hoto yana sha a hankali. Mafi tsawon ɗauka ta kai wajen wata uku. Da ya wanke hoton, ratsin suna nan tsaf kamar na haske mai ƙarfi.

Da na'urorin yau ana kallon abin yana faruwa. Ɗigo ɗaya ya bayyana a allo. Wani can. Wani nan. Ɗari na farko kamar an watsa yashi, babu tsari. Sai an kai dubbai ido zai fara hango layuka, ɗigo sun yi cincirindo a wasu wurare, wasu wuraren fayau. Kowane foton ya sauka wuri ɗaya kamar tsakuwa, amma akwai wuraren da ba ya taɓa zuwa muddin tsaga biyun a buɗe suke, kuma da ka toshe ɗaya zai fara zuwa. Buɗe masa ƙarin hanya ya hana shi isa. Wannan shi ne ƙashin bayan rikicin gaba ɗaya.

Wani abu da littattafan makaranta kan tsallake: rage fitila kawai ba ya tabbatar da cewa foton ɗaya ne tak ke tafe, kuma ko fizgar elektron daga ƙarfe ana iya bayyana yawancinta ba tare da ƙwayar haske ba. Hujja mai tsafta ta makara. A 1986 Philippe Grangier, Gérard Roger da Alain Aspect a Faransa suka yi amfani da atom, wato ƙwayar zarra, ta sinadarin kalsiyam da ke sakin foton biyu a jere, na farko ya zama ɗan sanarwar zuwan na biyu. Suka tura na biyun kan madubin da ke barin rabin haske ya wuce, ya mayar da rabi, da na'urar ƙirga a kowane ɓangare. Igiya za ta rabu ta taɓa duka biyun. Abin da aka gani shi ne ko wannan ta ɗauka ko waccan, kusan ba sa haɗuwa. Sai suka cire na'urorin suka sake haɗa hanyoyin biyu. Ratsi suka fito. Haske ɗaya, ɗaki ɗaya.

Haske ne kaɗai ke da wannan hali?

A'a. Louis de Broglie ya juya maganar a takardar digirinsa ta 1924: in igiya na da halin ƙwaya, me zai hana ƙwaya halin igiya? Tabbacin ya zo ta hanyar tsautsayi. A ɗakin gwajin kamfanin Bell a New York, Clinton Davisson da Lester Germer suna harba elektron kan nikel, sai kwalba ta fashe a 1925, iska ta shiga ta ɓata ƙarfen. Suka gasa shi don tsabtacewa, ba su san gashin ya jera atom ɗinsa sahu-sahu ba. Da suka ci gaba, elektron suka fara taruwa a wasu kusurwoyi na musamman, kamar igiya. A 1927 suka tabbatar. A shekarar kuma George Thomson a Aberdeen ya ga zobba bayan ya ratsa siraran fallaye da elektron. Mahaifinsa J. J. Thomson ya karɓi Nobel a 1906 bayan ya nuna elektron ƙwaya ce. Ɗan ya karɓa a 1937 don ya nuna igiya ce. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Claus Jönsson ya yi gwajin tsaga da elektron a Tübingen a 1961. Masana a Bologna a shekarun 1970, da ƙungiyar Akira Tonomura a kamfanin Hitachi a 1989, suka nuna taruwar ɗigo ɗaya-ɗaya. A 1999 a Biyana ta Ostiriya aka yi da dunƙulen atom 60 na kabon, a 2019 kuma da dunƙule mai atom wajen 2,000.

Ƙwallon ƙafa ma lissafi ya ba ta zango, amma sai ka rubuta sifili 34 bayan ɗigo kafin ka kai lambar farko a ma'aunin mita. Shi ya sa mai tsaron gida bai taɓa ganin ta bi gefensa biyu ba.

Gaskiya ne haske yana sanin ana kallonsa?

Wannan maganar ta yi yawo, kuma ta ɓatar da mutane da yawa. Gaskiyar da ke cikinta ita ce: duk tsarin da zai bar shaidar wace tsaga foton ya bi, yana share ratsin. Amma shaidar ba ta buƙatar idon mutum ko tunaninsa. A 2004 masanan Biyana suka ɗumama dunƙulen atom 70 na kabon kafin su tura su. Da zafi ya yi yawa, dunƙulen suka fara fitar da nasu hasken a hanya, wanda ke tona inda suke. Ratsin suka dusashe, ba tare da kowa ya leƙa ba. Jikin bango ya isa shaida.

John Wheeler ya tambaya a 1978: in aka jinkirta zaɓen irin awon da za a yi har sai foton ya riga ya shiga hanya fa? An gwada a Faransa a 2007 da hanya mai tsawon mita 48, sakamakon bai sauya ba. Wasu na fassara wannan da cewa yau na gyara jiya. Ni ban ga buƙatar hakan ba. Abin da ya rushe shi ne zaton cewa foton ya yanke shawarar zama igiya ko ƙwaya tun a bakin ƙofa.

To a taƙaice, wanne ne?

Amsar aiki ita ce: a tafiya ana lissafa shi kamar igiya, a sauka ana ƙirga shi kamar ƙwaya. Max Born ya ɗaure su a 1926: ƙarfin igiyar a wani wuri shi ke faɗin yiwuwar a sami ƙwayar a can. Bohr a 1927 ya ce siffofi ne biyu masu cika juna, ba a ganinsu cikakku a awo ɗaya. Lissafin zamani ba ya ma sauya riga tsakanin biyun. Abu ɗaya yake bayyanawa, kuma hasashensa ya dace da awo zuwa lamba goma ko fiye bayan ɗigo. Kalmomin "igiya" da "ƙwaya" daga tafki da tsakuwa muka aro su, haske bai yi alƙawarin shiga ɗayansu ba. Inda masana ba su daidaita ba har yau shi ne abin da ke faruwa tsakanin tashi da sauka. Einstein ya mutu a 1955 bai gamsu ba.

Zan iya ganin wani abu daga wannan da idona?

Ƙwayar tana da wuyar gani, domin ƙaramar fitilar leza mai ja, irin ta nuni a allo, tana zubo foton wajen tiriliyan 3,000 kowane sakan. Igiyar kuwa a arha take. Launukan kumfar sabulu da na bayan faifan CD duk aikinta ne.

Ga gwajin da ya fi kusa da na Young. Yanke taga ƙarama a jikin kwali, ka miƙe silin gashi ɗaya a tsaye a tsakiyarta, ka manne sama da ƙasa. Kashe fitilar ɗaki, ka tsaya mita 2 daga bango, ka saita lezar ta bugi gashin. Kada ka kalli bakin lezar, kada kuma ka nuna ta ga idon kowa ko ga madubi. A bango za ka ga ɗigo mai ƙarfi a tsakiya, da jerin gajerun ja-ja sun miƙe dama da hagu, duhu na raba su. Auna tazarar da ke tsakanin duhu da duhun da ke bi masa a gefe ɗaya. Ninka zangon jan leza, milimita 0.00065, da nisan bango, milimita 2,000, ka raba da tazarar. Idan ka auna milimita 19, kaurin gashin ya kama milimita 0.07. Sauya shi da wanda ya fi siranta, za ka ga jerin ya ƙara buɗewa.